Yadda Pok Soh Ya Ƙunshe Motar Matarsa

Idan kana neman wanda ya san komai a ƙauyen Telok Nering, ba sai ka sha wahala ba. Ka je rumfar kofi ta Deraman da hantsi, ka duba teburin da ke ƙarƙashin fanka. Nan za ka tarar da Pok Soh ya harɗe ƙafa, makullin mota a gabansa, yana koya wa masunta yadda ake kamun kifi. Sunansa na yanka Jusoh. A zamanin samartaka ya taɓa yin wata uku yana zuba wa motoci fetur a wani gidan mai a Kota Bharu, kuma ilimin wata ukun nan yake ci har yau bai ƙare ba.

Makullin da yake ajewa a tebur na matarsa ne, Mek Jarah. Motar wata 'yar ƙarama ce mai launin ƙwai, tsohuwa tukuf amma lafiyarta lau. Mahaifinta ya bar mata. A cikinta ya koya mata tuƙi, kuma a cikinta take kai shuɗiyar shinkafarta, wadda ake rinawa da fure a dafa, kasuwa kowace asuba, shekara ashirin da huɗu. Sai ta dawo ta wanke tukwane sannan Pok Soh yake samun makullin ya tafi da shi shan kofi. Rumfar ba ta fi taku ɗari biyu daga gida ba, don haka yawanci makullin ne kawai yake zuwa, motar tana gida.

To, ana nan sai 'yarsu da ke aure a Johor ta kusa haihuwar fari. Aka yanke za su je su zauna da ita wata shida, aka sayi tikitin bas na ranar Alhamis. Ga damina ta kankama, kogi ya fara canza launi.

Ranar Litinin Mek Jarah tana cusa busasshen kifi da saiwoyin jego a kwali ta dubi mijinta, wanda take kira Abe, ta ce, "Abe, gobe ka kai wa Ah Lek motar nan. Garejinsa a kan tudu yake, ya ce akwai wuri."

Pok Soh ya aje kofinsa a hankali. "Ah Lek? Yaron da aka haifa ina riƙe da tiyon fetur?"

"Yaron ya yi jika biyu."

"Mek, ga gidanki a kan dirkoki, ga gareji a ƙarƙashinsa, ga injiniya a cikin gidanki, ki ɗauki mota ki kai wa bare? Ki bar min kwana uku. Ranar da muka dawo za ki rantse daga kamfani aka fito da ita."

Ta dube shi, ta dubi tulin kayan da ba ta gama haɗawa ba. Hankalinta yana Johor. A ranta ta ce kwana uku ne kacal, me mutum zai iya ɓatawa a kwana uku? Macen da ta yi shekara talatin da biyu a gidan Pok Soh bai kamata ta yi wannan tambayar ba.

"Motar Baba ce," ta ce. "Ban da ita ba abin da ya rage min nasa. Ka ji ni?"

"Na ji ki tun kafin ki faɗa."

Kafin azahar labari ya isa rumfar Deraman, don shi da kansa ya kai shi. Ya ɗaga yatsu huɗu. "Maƙiyan motar da aka ajiye huɗu ne. Kyankyaso, ɓera, tsatsa, ruwa. Ɗaya bayan ɗaya zan bi su."

Deraman yana tace kofi, bai ko ɗago ba. "Na biyar fa?"

"Babu na biyar."

"Akwai. Ga shi nan yana shan kofi a gabana."

Aka yi dariya, har da Pok Soh, don ya ɗauka da wani ake.

Da kyankyaso ya fara. Kowa ya san maganinsa, ɗauri ɗaya na ganyen nan mai ƙamshi da ake kira fandan a ƙarƙashin kujera ya wadatar. Amma ɗauri ɗaya na mai tafiyar mako guda ne, in ji Pok Soh, shi kuwa wata shida zai yi. Ya ɗauki adda ya nufi shinge. Kafin a ankara ya aske duhuwar fandan ɗin da ke wurin tas, ya cika kujerar baya da but, ya cusa saura a gaban sitiyari.

Maƙwabciyarsu Mok Limah, bazawara mai sayar da soyayyar ayaba, ta fito ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Jusoh, ina fandan ɗina?"

"Naki? A kan iyaka yake."

"Ni na dasa shi shekarar da aka sa wutar lantarki."

"Ai rabin da ya leƙo wajena na yanka."

"To ina rabin da bai leƙo ba?"

"Shi ma yana shirin leƙowa ne."

Mek Jarah ta leƙo ta taga ta ba da haƙuri, kamar yadda ta saba tun tana amarya.

Sai ɓera. Nan Pok Soh ya yi tunanin da ya ce ko a jami'a ba a koyar da shi. Ɓera yana tsoron mage, mage tana son kifi, saboda haka wanda ya ajiye kifi ya ɗauki mai gadi kyauta. Ya buɗe kwalin da matarsa ta gama ɗaurewa, ya kwashi busasshen kifin mai jego, ya jera a ƙarƙashin mota da kan tayoyi. Don aiki ya yi inganci ya jefa biyu a cikin injin.

Zuwa la'asar maguna goma sha huɗu sun kama aiki. Ba su jitu a kan wa zai zama shugaba ba, sai suka raba gardama a kan bonet. Biyu suka yi fitsari a gilashin gaba. Wani ƙaton baƙi mai kunne ɗaya, wanda ba wanda ya san mai shi, ya haye rufin motar ya hana Pok Soh kusantarta.

Mek Jarah ta yi magana ta tsakanin katakon daɓen gida, daga sama. "Abe, me ke faruwa a ƙasan nan?"

"Masu gadi ne ke karɓar aiki."

"Warin me nake ji?"

"Albashinsu."

Ya ji tana buɗe kwali. Daga nan sai ya ji takunta a kan tsani, ya tuna yana da uzuri a masallaci.

Ranar Talata da sassafe aka kawo masa babban makaminsa na yaƙi da ruwa a bayan babur mai ƙafa uku. Wata baƙar leda ce mai kauri, irin wadda ake shimfiɗawa a kududdufin kiwon kifi, faɗinta ya kusa rabin filin wasa. Ya fitar da motar waje, ya shimfiɗa ledar a garejin. Sai ya tuna da salansa, ƙofar da ɓera yake bi ya shiga. Mutane tsumma suke cusawa. Pok Soh ya ce tsumma ai katifa ce ka ba ɓera. Ya tono ɗanyen rogo mai kaurin damtse, ya fiƙe shi, ya dasa a bakin salansar, ya bi shi da guduma har sai da ya daina motsi.

Da ya gama ya ja baya yana kallon aikinsa, sannan ya lura motar tana waje, ledar tana ciki.

Ya ture ganye ya samu wurin zama, ya murɗa makulli. Motar ta yi tari ta mutu. Ya sake, ta yi nishi. A karo na uku ya danna totur har ƙasa. Ƙarar da ta biyo baya ta tashi tsuntsayen da ke kan itatuwan kwakwa har bakin kogi. Rogon ya tsallake shinge ya wuce tsakanin zannuwan da aka shanya, ya sauka tsakiyar kaskon da Mok Limah ke suya. Allah ya sa ta juya ɗauko gari.

Ta tsamo shi da matsami, ta zo bakin shinge tana ɗaga shi.

"Jiya ka kwashe min ganye, yau ka aiko min da rogo. Gobe me zan sa rai?"

"Gwaji ne, Limah. Yanzu na tabbatar injin yana da ƙarfi."

"Da ya same ni a goshi fa?"

"Ai na auna."

Ta ce Allah ya isa tsakaninta da gidan man da ya ɗauke shi aiki, ta koma kan kaskonta.

Ruwa ya sauko da azahar, bai kuma ɗauke ba. Ranar Laraba kogi ya taɓa jan fentin da ke jikin ƙafar gada, kowa ya san abin da ke tafe. Masu mota suka yi abin da ake yi kowace shekara, suka bi layi suka jera su a kan gada da gefen babban titi. Pok Soh yana ƙarƙashin gida ya tattaro gefunan ledar nan huɗu, ya ja su sama da igiyar da ya rataya a katakon daɓe, ya haɗe su a saman rufin motar, ya ɗaure tamau. Motar ta koma ƙunshi guda, sai ka ce shinkafar da Mek Jarah ke naɗewa a ganyen ayaba.

Ah Lek bakanike ya biyo ta wurin a babur, sanye da rigar ruwa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Pok Soh, har yanzu akwai wuri a wajena. Kwance ta mu tafi."

"Ah Lek, ka taɓa ganin ruwa ya shiga kududdufin kifi ta ƙasa?"

"A'a."

"To ta ina zai shiga nan?"

Ah Lek ya zagaya ƙunshin, ya ƙwanƙwasa ledar, ya taɓe baki. "Ba laifi, a gaskiya. Amma ka ɗaure ta a jikin dirka?"

"Mota ce, ba akuya ba."

"Ko igiya ɗaya ce ka sa."

"Na ja birkin hannu," in ji Pok Soh, cikin tausayin wanda bai yi karatu ba.

Ranar Alhamis aka wayi gari ruwa ya shigo ƙauye, jaja-jaja, yana tafiya a hankali a kan hanya. Ambaliyar farko ba abin kuka ba ce a nan, ranar fita ce. 'Yan mata suka ci ado suka fito taka ruwa, masu dafaffen rogo da masara suka kafa tebura a bakin gada, samari suka kawo tiyub ɗin taya. Tun da hantsi Mek Jarah ta sa aka kai ta gada da kayanta a kwale-kwale, don can bas ɗin zai tsaya. Ta ce wa mijinta ya kulle gida ya biyo ta.

Ya sa sabon zani da farar hula, yana saukowa tsani, sai ga Mok Limah tana kutsawa cikin ruwa har gwiwa.

"Jusoh, tun jiya ban ga Puteh ba."

"Wace Puteh?"

"Magena. Wadda ka ɗauka aikin gadi."

"Na sallame su duka."

Daga cikin ƙunshin wata siririyar murya ta ƙaryata shi.

Mok Limah ta nuna masa ƙullin da yatsa. Pok Soh ya buɗe ƙofar langa-langar garejin don ya samu haske, ya tattare zaninsa, ya dafa ya haye saman ƙunshin. Ƙullin ya sha ruwa ya ƙi kwantuwa. Yana fama da shi da haƙori sai ya ji ƙasa ta yi laushi a ƙarƙashinsa. Dirkar gida ta wuce ta gefensa a hankali, ta biyu ta bi ta.

"Limah, gidan ne ke tafiya?"

"Kai ne."

Ƙunshin ya fita ta ƙofa ba gaggawa, ya yi kwana a bakin shinge fiye da yadda Pok Soh ya taɓa yi da sitiyari, ya hau hanya. Shi kuwa ya rungume ƙullin da hannu biyu, gwiwoyi a ƙasa, hula a karkace. Bai iya iyo ba, ko da yake ya sha koya wa mutane a baki.

A rumfar Deraman mutane suna zaune ƙafafunsu a ruwa suna shan kofi. Suka bi shi da kallo.

"Pok Soh, ina zuwa?" in ji Deraman.

"Gwaji nake yi."

"Ka tsaya ka sha kofi mana."

"Ina sauri."

Rumfar ta watse, kowa ya biyo baya. Kafin a kai masallaci ayarin ya kai mutum hamsin, Mok Limah a gaba tana kiran Puteh, Puteh tana amsawa daga ciki. Wani ya miƙo gora, Pok Soh ya ce ba ya buƙata, sannan ya kai hannu bayan gorar ta wuce. A haka ruwa ya gangara da shi filin ƙwallon da ke gindin gada, ƙunshin ya juya sau biyu, ya shige raga ya tsaya cak. Samarin da ke kan gada suka tafa.

Mek Jarah tana tsaye a cikin taron, jaka a kafaɗa. Wata mata ta tambaye ta ko ba mijinta ba ne wancan. Ta ce ita ma abin da take tsoro ke nan.

Ah Lek ya shigo ruwan, ya kai masa ƙirji. Ya ɗaure ƙunshin da igiya a jikin ƙarfen raga, ya miƙa hannu ya sassauta ƙullin kamar tafin hannu guda. Puteh ta fito a guje, ta bi ta kan wuyan Pok Soh, ta faɗa hannun uwar ɗakinta.

Mok Limah ta shafa ta, ta sake shafawa. "A bushe take," ta ce, kamar ba ta so ba.

Ah Lek ya leƙa ta kafar, ya ɗago yana girgiza kai. "Ko ɗigo bai shiga ba. Mek Jarah, motarki ta tsira. A bar ta a nan a ɗaure, kada kowa ya taɓa. Jibi ruwa zai janye, ni zan zo in kai ta wajena."

Mek Jarah ta sauke ajiyar zuciya ta yi hamdala. Mutane suka hau magana. Wani ya ce ashe dai mutumin ya san abin da yake yi. Wani dattijo ya ce baɗi shi ma leda zai nema. A duk rayuwar Pok Soh ba a taɓa yabonsa da bakin da ba nasa ba, kuma abin ya hau masa kai nan take. Ya miƙe tsaye a kan ƙunshin, ya gyara hula.

"Jama'a, duk lissafi ne. Har ragar nan da na shiga, lissafi ne."

Deraman yana gefe, ruwa har ciki, kofinsa a ɗage. "Sama dai muka gani. Wa ya san ƙasa? Ni na ce tayoyin nan suna cikin ruwa tsamo-tsamo."

"Ƙarya kake."

"Ka gani da idonka?"

"Ba sai na gani ba."

"To, mu ma ba mu gani ba."

Ah Lek ya ce, "Pok Soh, ƙyale shi, tsokana ce. Sauko mu tafi, bas ya kusa."

Amma Pok Soh ya riga ya zame ya dira cikin ruwan, yana riƙe da igiya. Ya karɓi wuƙa a hannun wata mai yanka mangwaro da ta matso kallo a kwale-kwale. "Gani ya kori ji," ya ce. "Yau zan rufe bakin mutumin nan. Deraman, kawo hannunka ka taɓa tayar da kanka."

Mek Jarah ta kira shi daga kan gada. "Abe."

"Yanzu, Mek. 'Yar taga kawai zan buɗe."

Ya laluba daidai inda tayar gaba take, kamu biyu a ƙarƙashin ruwa, ya tsaga.

Ba a ji wata ƙara mai yawa ba, ɗan gulgul ne kawai kamar ana cika tulu. Pok Soh ya danna tafin hannu a wurin, tsagar ta ƙaru. Ya danna hula, hular ta shige ciki. Ƙunshin ya sunkuyar da goshi, ya yi tangaɗi, ya zauna a ƙasa sannu a hankali, har sai da rufin motar kaɗai ya rage a waje. Ganyen fandan ya fara tasowa yana bazuwa a filin.

Deraman ya kurɓi kofinsa. "Ashe a bushe take," ya ce. "Na yarda."

Ba wanda ya yi dariya, don Mek Jarah ta aje jakarta ta sauko. Ta ratsa ruwan da kayan tafiyarta har ta iso, ta janye ledar, ta ɗora tafin hannunta a kan rufin motar ta bar shi a nan. Pok Soh ya jira faɗa. Ya san faɗanta, yana da amsar kowane iri. Da faɗan bai zo ba sai tsoro ya kama shi, na gaske, irin wanda bai ji ba ko a saman ƙunshin. Ya ga idonta ya cika, kunya ta rufe shi.

"Mek, ai injin ne kawai da wayoyi da kujeru. Sauran duk—"

"Ah Lek," ta ce, "za ta tashi?"

Ah Lek ya sosa ƙeya. "Sai an warware ta gaba ɗaya, a wanke, a shanya, a mayar. Kayan irin wannan kuma sai an bi gari-gari ana nema. Ni ba ni da hannun da zai yi."

"Ga hannu nan." Ta juyo ta dubi mijinta. "Duk abin da ya ce ka riƙe, ka riƙe. Duk abin da ya ce ka aje, ka aje. A cikin motar nan za ka zo ganin jikanka, ko kada ka zo."

Bas ya yi hon a kan gada. Ta matse bakin zaninta ta hau, ta ba Mok Limah tikitin da ya rage, aka tafi har da Puteh a kwando.

Pok Soh ya koyi abubuwa da dama a garejin Ah Lek, har da yin shiru, ko da yake wannan bai zauna masa sosai ba. Motar kuwa ta tashi. Ranar da ya isa Johor a cikinta, jikan da ƙafarsa ya fito ya tarbe shi.